Sulhun Da Ba A Aike Mu Ba

Mun isa Landan da sanyi, a shekarun da kuɗin fetur ya fara shigowa ƙasarmu. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, aka turo shi ofishin da ke sayo wa gwamnati kaya daga waje: injinan ban ruwa, motocin asibiti, janareto, duk abin da aka rubuto daga gida. Ni kuwa shekarata ashirin da biyu, ina goyon 'yata ta fari, kuma kafin nan iyakar tafiyata daga Zariya zuwa Kaduna ce. Turancina na firamare ne. Ina iya karanta rubutun jikin gwangwani, amma idan mai kawo madara ya yi mini magana sai dai in yi murmushi in rufe ƙofa.

Gidan da aka kama mana yana unguwar Finchley, irin gidajen nan biyu a manne, bango ɗaya ya raba mu da maƙwabta. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ɗauke wuta. Na baro gida ana ce mini zan je ƙasar da ba a san duhu ba, sai ga shi a satinmu na biyu, da la'asar sakaliya, fitilu sun mutu, hita ta yi shiru. Maigida yana ofis. Na rungume yarinya cikin bargo ina zaune a kicin, ban san ko ni na taɓa wani abu na lalata ba.

Sai na ji an ƙwanƙwasa. Da na buɗe na ga wata 'yar gajeriyar mata, fara sol, da baƙin gashi an yanke shi daidai wuya. Ta riƙo wani ɗan ƙunshi da hannu biyu, ta sunkuya har na ga tsakiyar kanta. Ni ma sai na rusuna. Ta ɗago ta ga na rusuna, ta sake sunkuyawa. Na sake. Ban san sau nawa muka yi ba kafin yarinya ta fara kuka ta raba mu. Da na koma ciki na warware ƙunshin, kyandir ne guda shida da ashana, an naɗe su cikin takarda mai kyau har na ji nauyin yaga ta.

Da Maigida ya dawo na ce masa wata 'yar China ta kawo mana kyandir.

Ya ce, "Ba 'yar China ba ce, mutanen Japan ne. Kada ki kuskura ki faɗa mata haka. Layin nan kusan rabinsa su ne. Kamfanoninsu ne ke kama musu gidajen."

Na ce, "Me suke yi a nan?"

"Abin da nake yi, sai dai su sayarwa suke, ni saye nake."

Washegari na soya cincin na cika kwano na kai mata, ashe ita ce a gidan da ke manne da namu. Ta karɓa da hannu biyu tana cewa "hai, hai," kamar mai kora shanu, har na ja da baya na zaci na yi laifi. Daga baya na gane haka suke amsawa. Bayan kwana biyu kwanona ya dawo da wani abu a ciki mai laushi, launin ganye, da zaƙin wake. Na mayar da dambun nama. Ta aiko da ƙaramin tawul. Na ba ta turaren wuta. Ta kawo safar jarirai da ta saƙa da kanta. Ni a wurinmu ba a mayar da kwano haka nan, ita ma ashe haka ne a wurinsu, kuma ba wadda ta san yadda za ta tsaya. Maigida ya ce in muka ci gaba a haka, kafin shekara sai mun yi musayar gidajen.

Ranar da ta fara shigar da ni gidanta, na tsaya bakin ƙofa ina cire takalmi, sai na ga takalma a jere a gefe, kowanne ya fuskanci waje. Wannan ne gida na farko a Landan da na ga ana cire takalmi. Ta dubi ƙafata, na dubi tata, muka yi dariya. A falo akwai kujeru irin na Turawa, amma an ture su jikin bango, ga wani gajeren tebur a tsakiya, ana zama a ƙasa. Na miƙe ƙafa na zauna kamar a ɗakin innata. Ta ba ni shayi kore, ba sukari ba madara. Na sha don kunya. Na yi wata uku ina sha don kunya kafin na fara jin daɗinsa.

Hirarmu da hannu ce da 'yan kalmomin Turanci da ba su fi talatin ba tsakaninmu. Tana da 'ya ɗaya mai shekara goma sha ɗaya, wadda ta fi mu duka Turanci, amma ba ta cika zama ba. Ranakun mako tana makarantar Turawa, ranar Asabar kuma a kai ta wata makarantar ta mutanensu, ta dawo da jaka cike da aikin gida. Ban taɓa ganin yarinyar nan tana wasa a waje ba.

Mijin kuwa na yi wata biyu ban sa shi a ido ba. Yana fita kafin mu gama karin kumallo, ba ya dawowa sai mun kwanta. Ranar Lahadi ya loda wata doguwar jaka ta sanduna a mota ya tafi. Maigida ya ce wasan golf ne, kuma ba don nishaɗi yake zuwa ba, manajansa ne ke zuwa, dole ya bi. Na ce wane irin aiki ne har Lahadi? Ya ce shi ma bai gane ba. Ya ce a ofis idan mutanen Japan suka zo, su huɗu suke zuwa, ɗaya ya yi magana, uku su yi ta rubutu, duk abin da ka faɗa su ce "yes," sannan bayan sati a aiko takarda cewa ba zai yiwu ba.

Matan su ma suna da nasu tsarin. Duk ranar Laraba sai in ga mata biyar ko shida sun taru a ƙofar wani gida a ƙarshen layi, cikin kwat masu tsada, ba mai shiga sai wata doguwa mai tabarau ta fara shiga. Ita ce matar manaja. Maƙwabciyata kullum ita ce ta biyun ƙarshe. Idan za ta je sai ta yi kwalliya tun safe, idan ta dawo kuma ta shigo wurina ta zauna a kicin ta ɗauki 'yata. Ban san abin da ake yi a can ba. Na taɓa tambayarta, ta kwatanta da hannu kamar ana jera furanni, sannan ta dafe wuyanta ta baya ta lumshe ido.

Ita ta koya mini shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira tube. Ta kai ni wani ɗan kanti inda wani Bature ke sayar da kifi, ya iya kiran kowane kifi da harshensu saboda yawan cinikin da suke masa. Ni kuma na kai ta kasuwar da muke sayen doya da manja a kudancin kogin da ya ratsa garin, ta tsaya gaban tulin attaruhu tana kallo kamar ta ga wuta. Ta ga yadda nake goyo da zani ta nuna mini su ma suna goyo, amma da ɗamara mai igiya. Idan ta shigo ta tarar ina salla, sai ta durƙusa a bakin ƙofa, hannuwa a kan cinya, har in sallame.

Mun yi kusan shekara guda a haka. Wata safiya, bayan sanyi na biyu ya fara sauka, na shiga gidanta na tarar da kwalaye a falo. Tana durƙushe tana naɗe kofuna cikin jarida. Idonta ya kumbura.

Na ce da Hausa, "Lafiya?" don ta riga ta san kalmar.

Ta nuna ƙirjinta, ta nuna ɗakin 'yarta, ta yi alamar jirgi da hannu, ta ce, "Japan."

Na nuna hoton mijinta da ke ajiye a kan kantar falo.

Ta girgiza kai. Ta nuna ƙasa da yatsa, ta ce, "London." Sannan ta haɗa hannuwanta ta raba su, ta ce, "Finish."

Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga kan jaridar. Na zauna kusa da ita na kama hannunta. Ban taɓa kama hannunta ba sai ran nan, sanyi ƙalau. Ta bar mini shi na ɗan lokaci, sannan ta zare a hankali ta ci gaba da naɗe kofuna.

Na koma gida. Mace ta haɗa kayanta, za ta tafi garinsu da 'yarta, miji zai zauna, ta ce an gama, tana kuka. Ni dai abu ɗaya na san ana kira haka.

Da Maigida ya dawo ban bari ya cire kwat ba. Na ce, "Mutumin nan ya saki matarsa."

Ya ce, "Wa ya faɗa miki?"

"Ita da bakinta."

"Da wane harshe?"

Na kwatanta masa duk abin da na gani. Ya ce, "To, Allah ya kyauta. Ba ruwanmu."

Na ce, "Malam, da ruwanmu. Bango ɗaya muke. Ba ta da uwa a nan, ba ta da uba, ba wa ba ƙane. Da ni ce aka yi wa haka a garin nan, ba za ka so wani ya tsaya ya ce a yi haƙuri ba?"

"Ke, mutanen nan ba a shiga sha'aninsu. Kuma kamfaninsa yana neman kwangila a ofishinmu. In na je gidansa sai a ce wani abu ne."

Na yi kwana uku ina masa magana. Ranar Asabar da yamma ya ce, "Gobe da safe, kafin ya fita. Amma ke za ki yi shiru."

Ya sa babbar riga fara da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka tarar da mutumin a ƙofar gida yana sa jakar sandunansa a mota. Ran nan na fara ganinsa sosai: siriri, da furfura kaɗan a gefen kunne, fuskarsa ta gaji. Da ya ga Maigida cikin babbar riga sai ya saki jakar ta faɗi, ya sunkuya, ya ruga ciki, ya fito sanye da kwat da lakataye. Ya ciro ɗan katinsa mai suna da adireshin aiki ya miƙa wa Maigida da hannu biyu, alhali shekara guda suna gaisawa ta kan shinge.

Muka zauna a ƙasa gaban gajeren teburin nan, kwalaye kewaye da mu. Matar ta kawo shayi ta koma bakin ƙofar kicin ta durƙusa. Maigida ya yi gyaran murya ya fara. Da Turanci ya yi, amma na san abin da yake faɗa, don a gabana ya tsara shi da Hausa. Ya ce mu maƙwabta ne, maƙwabci kuma ɗan'uwa ne. Ya ce zaman tare ba ya rasa saɓani. Ya ce mun zo ne mu roƙi arziki, a yi haƙuri, a yafe, duk abin da ya faru a bar shi ya wuce, a duba yarinya. Bai ambaci saki ba, bai ambaci matar ba, don ba a yin haka a gaban mutum. Ya daɗe yana magana, kuma ni a ganina ya yi kyau ƙwarai.

Mutumin yana zaune a miƙe, hannuwansa a gwiwa. Duk jimlar da Maigida ya kai ƙarshenta sai ya ce, "Yes. Yes." Wani lokaci ya ja iska ta tsakanin haƙora ya karkata kai. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ga sanyi. Da Maigida ya gama, sai mutumin ya sunkuya, goshinsa ya kusa taɓa tebur. Ya ce ya gode, ya fahimta, zai yi tunani sosai.

A hanyar komawa, taku goma ce, Maigida ya ce, "Ya karɓa. Kin ga yadda jikinsa ya yi sanyi?"

Na ce, "Ka manta kai ka ce mini haka suke cewa yes?"

Ya ce, "Wannan daban ne. Wannan maganar gida ce."

Ran nan mutumin bai je golf ba. Washegari aka kawo mana wani babban kwali daga wani kanti na tsakiyar gari, da agogon tebur a ciki. Maigida ya ce tukwicin sulhu ne, amma ba zai iya riƙewa ba saboda aikinsa, ya mayar da kansa. Kashegari aka kawo kwandon 'ya'yan itace. Maƙwabciyata kuma ta daina shigowa. Idan muka haɗu a waje sai ta sunkuya ƙasa sosai fiye da da, ta shige da sauri. Kwalayen ba su ragu ba, ƙaruwa suka yi. Na kasa gane ko an shirya ne ana jin kunyarmu, ko mun ƙara ɓata abin ne.

Ranar Laraba da hantsi aka ƙwanƙwasa. Matar manaja ce, doguwar nan mai tabarau, maƙwabciyata a bayanta kanta a ƙasa. Allah ya sa Maigida yana gida yana fama da mura, shi ya yi mana tafinta. Matar ta iya Turanci sosai, tana magana a hankali kamar malamar makaranta.

Ta ce ta zo ne a madadin mijinta da kamfani. Ta ce maƙwabcinmu ya kwana uku bai yi barci ba. Ya kai rahoto ofis cewa babban jami'in gwamnatin Najeriya ya zo gidansa cikin kayan sarauta, ya yi magana mai tsawo a kan laifi da yafiya, kuma ya mayar da kyauta. Sun zauna a ofis sun bincika duk takardun da suka taɓa aika wa ofishin Maigida ba su ga kuskure ba. Sun tambayi matarsa ko ƙarar haɗa kaya ce ta dame mu, ko warin kifi, ko yarinyar ce ta yi rashin kunya. Ta ce don Allah mu faɗi laifin a fili, ko wanne ne, za a gyara.

Maigida ya riƙe hankici a hanci. Sannan ya juyo gare ni ya fassara, ya ƙara da cewa, "Kin ji abin da kika jawo."

Ya yi wa baƙuwar bayani. Na ga wuyansa yana gumi shi ma. Da ya kai kan kalmar saki, matar manaja ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta juya ta yi wa maƙwabciyata magana da harshensu, gajeriya. Maƙwabciyata ta rufe baki da hannu biyu. Kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba, har yau ban sani ba.

Matar manaja ta ce babu saki. Ta ce yarinyar ce ta kai shekarun wata jarrabawa a ƙasarsu, in ta wuce ta ba ta rubuta ba, ba za ta shiga makarantar kirki ba, kuma harshenta ya fara karkata zuwa Turanci. Don haka uwa za ta koma da ita, uba zai zauna inda kamfani ya ajiye shi. Ta ce haka kowa yake yi. Ita ma 'ya'yanta biyu suna can wurin kakarsu.

Na ce Maigida ya tambaye ta har yaushe.

Ta ce sai yadda kamfani ya gani. Wataƙila shekara uku, wataƙila biyar.

Na ce, "Tambaye ta, to me ya sa maƙwabciyata take kuka?"

Ya ce, "Ba zan tambaya ba."

"Ka tambaya."

Ya tambaya. Matar ta dube ni ta cikin tabarau, ba da fushi ba, ta ce ba kuka take ba, ƙurar kwalaye ce. Maƙwabciyata ta gyaɗa kai da sauri.

Bayan sun fita na ce wa Maigida, mace ta bar mijinta shekara biyar saboda jarrabawar yarinya, kuma a ce lafiya lau? Ya ce mu ma ai akwai waɗanda suka bar iyali a gida suka zo karatu. Na ce wannan miji ne ya tafi, ba mata ba. Ya ce shi dai ya gama shiga maganar mutane, ya ja bargo.

Saura kwana biyu su tafi maƙwabciyata ta shigo kicin ɗina ba sallama, kamar da. Ta ɗauki 'yata, wadda ta fara tafiya a lokacin, ta zaunar da ita a cinya. Ta dube ni ta nuna yatsanta mai zoben aure, ta girgiza kai, ta yi dariya. Sannan ta dafa kafaɗata ta faɗi wata doguwar magana da harshensu, ita da ba ta taɓa yi mini magana da shi fiye da kalma biyu ba. Ta yi ta magana, muryarta tana hawa tana sauka, ta nuna bangon da ya raba gidajenmu, ta nuna ƙarshen layi, ta nuna ƙirjinta. Ni kuma ina cewa, "Haka ne. Sai haƙuri. Allah ya sa hakan ne alheri." Ban ji ko kalma ɗaya ba. Da ta gama ta sauke numfashi, ta sha ruwa, ta tafi. Ranar tafiyar matan Laraba suka jeru a bakin titi suna sunkuyawa har tasi ta sha kwana, ni ina tsaye a ƙofata da goyo.

Mutumin ya zauna shi kaɗai a gidan har muka baro Landan. In ya ga Maigida sai su gaisa da sauri kowa ya kau da kai.

Bayan wasu shekaru, muna Kaduna, na haifi uku, sai ga mutumin a ƙofar gidanmu cikin motar haya, da rana tsaka, ya jiƙe sharkaf da gumi cikin kwat. Ashe daga Landan kamfani Legas ya tura shi, ya zo Kaduna duba wasu injina a masaƙa, ya nemi adireshinmu a ofishin Maigida. Furfura ta cinye kansa. Na yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe, ya ci da hannu yana kallon yadda Maigida ke yi. Ya ciro hoto daga walat ya miƙo mini: ita ce, ta ɗan yi ƙiba, da yarinyar ta zama budurwa har ta fi ta tsawo, suna tsaye gaban wata ƙofar makaranta. Ya ce ta ce in ya taɓa zuwa arewa lallai ya nemo ni. Turancina ya ɗan gyaru a lokacin, don haka ni da kaina na tambaye shi yaushe rabonsa da gida. Ya ce yana zuwa sati biyu duk shekara. Na ce yaushe zai koma gaba ɗaya? Ya yi murmushi ya ce ba a faɗa masa ba tukuna, ya nemi a ƙara masa miya.